Mota sabuwa dal amma ƙofar baya ba ta zauna daidai ba, haka suke zuwa ko an cuce ni?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masana harkar mota ku taimaka min da shawara. Sati biyu kenan da na ɗauko mota sabuwa dal, ba Belgium ba, leda na kan kujerunta, kilomita 23 ne a mita ranar da na sa hannu. Shekara huɗu ina tara kuɗin nan har fili na sayar na cika. Jiya bayan la'asar ina wanke ta da kaina sai rana ta haske gefenta, kawai na ga ƙofar baya ta ɓangaren direba ba ta zauna daidai da ta gaba ba. Layin nan da ya taso daga fitilar gaba ya bi ta jikin ƙofofi, da ya zo wajen sai ya karye, ta bayan ta ɗan yi ƙasa, na sa hannu na shafa na ji samanta ya turo waje kaɗan. Na zaga ɗaya ɓangaren, can sumul babu komai. But ɗin ma tazarar hagu ta fi ta dama faɗi, ta hagu makullin gida yana shiga a sake, ta dama da ƙyar. Na kira wanda ya sayar min yace ai duk sababbin motoci haka suke, in ta sha hanya za ta zauna. Ni dai raina bai kwanta ba wallahi ko barcin kirki ban yi ba jiya. Gaskiya ne haka suke zuwa, ko dai an taɓa buge ta ne aka gyara aka sayar min a matsayin sabuwa?

Sadiq_Nassarawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri ya tsare sharrin ƙarfe. Wace mota ce kuma a ina ka saya?

Baban_Hanifa:
Amin na gode. Ka yi haƙuri ba zan kama suna ba, ban gama magana da su ba kuma ban tabbatar da komai ba, kar in ɗauki alhakin mutane.

Usta_Fanalbita:
Alhaji maganar nan ta "in ta sha hanya za ta zauna" kar ka karɓe ta. Shekara ta ashirin da wani abu ina bugun ƙarfen mota, ban taɓa ganin ƙofar da ta yi ƙasa ta ɗago da kanta ba, sai dai ta ƙara sauka. Abin da yake zama shi ne robar da ta zagaye ƙofa, in tana sabuwa tana da tauri, sai ka ji ƙofa na son a buga ta da ƙarfi, bayan wata ɗaya biyu ta yi laushi. Wannan gaskiya ne. Amma layin jiki ya karye? Wannan ba aikin roba ba ne, ko hinji ne ba a ɗaure a gurbinsa ba, ko ƙarfen nan mai kama da U da ke jikin ginshiƙi wanda kubar ƙofa take kamawa, shi ne aka ɗaure shi a karkace.

Gobe da safe ka fito da ita fili ka yi min abu huɗu. Ka buɗe ƙofar rabi, ka kama ƙasanta ka ɗan ɗaga, in ka ji tana wasa to hinji ne. Ka leƙa kan notunan hinjin, fentin kansu lafiya yake ko sifana ta kankare shi. Ka ɗaga robar ƙofar ka duba ƙarƙashinta ko akwai feshin fenti, ko wani layi inda aka manna takarda aka fesa, mu mun san inda muke ɓoye ƙarshen fenti, can ne. Sannan ka sa takarda a bakin ƙofar ka rufe ka ja, sama da tsakiya da ƙasa, in ta zare ba tare da ta cije ba to robar ba ta kama wajen ba. Ka dawo ka gaya mana.

Dan_Rimi88:
Ni gaskiya ina ganin ana tsaurara abin da yawa. Mota tana tafiya lafiya, inji lafiya, giya lafiya, AC na sanyi, ka gode wa Allah kawai Alhaji. Sati biyu kana hawa ba ka gani ba sai da rana ta haska, ka ga ba wani abu ba ne kenan. Kar garin neman gira a rasa ido, su je su kwance ƙofa su mayar, ta fi yadda take lalacewa.

Umman_Sadiq:
@Dan_Rimi88 a'a ɗan'uwa, ban yarda da kai ba. Mutum ya sayar da filinsa fa. Da rabin kuɗi suka karɓa sai a ce ya haƙura da rabin aiki, amma cif suka karɓa. Kuma ba maganar kyau kaɗai ba ce. Tamu da maigidana ya saya shekarun baya, ƙofar gaba ce ta ɓangarena take da irin wannan, muka ce ba komai. Da hunturu ya shigo, in muka yi tafiya zuwa Gusau sai in sauka in ga kafaɗata ta yi ja da ƙura alhali gilas a rufe. In an wuce ɗari kuwa wani fito take yi a saitin kunnena har kaina ya yi ciwo. Da damina ta zo ruwa ya riƙa bi ta ciki yana jiƙa kafet ɗin ƙasa, ba mu ankara ba sai da motar ta fara warin ruma. Lokacin da muka koma musu sai cewa suka yi me ya sa ba mu kawo tun farko ba, wai ƙila mu muka buge ta.

Injiniya_Samaru:
Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake faruwa a masana'anta, saboda duka biyun da Baban Hanifa yake zargi suna iya yiwuwa.

Jikin mota ba guda ɗaya ake zuba shi ba, ɗaruruwan ƙananan ƙarafa ne. Kowanne ana sa falle na ƙarfe a cikin mazubi, inji mai nauyin gaske ya danna shi ya fito da siffa. To shi ƙarfe in an sake shi yana ɗan komawa baya kaɗan, kuma mazubin kansa yana cinyewa da yawan aiki. Daga nan a ɗora su kan wani teburi mai maƙalai da yake riƙe kowanne a gurbinsa, na'urori su yi walda. Kowane ɓangare an yarda masa ya kauce da wani ɗan abu, misali rabin milimita. In aka yi rashin sa'a fenda ta kauce hagu da rabi, ginshiƙi ya kauce dama da rabi, ƙofa ita ma ta ƙara nata, kowannensu shi kaɗai ya ci jarrabawa amma da aka haɗa su sai ido ya gani. Yawancin motocin yanzu tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki tana tsakanin milimita 3 zuwa 5 ne, to ka ga milimita ɗaya da rabi a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin da mutane ba su sani ba, a yawancin masana'antu ana rataya ƙofofi a yi wa mota fenti da su don kala ta zo ɗaya, sannan a cire su, su bi nasu layin a sa musu gilas da waya da sifika da roba, a can ƙarshe su sake haɗuwa da motarsu. Ƙofar da aka saita tana fanko yanzu ta dawo da nauyi. A ƙarshen layi akwai ma'aikatan da aikinsu kenan, su duba su saita da hannu. In ana gaggawa ko sabon samfuri ne da ba a gama gane kansa ba, wasu suna wucewa.

Abin da za ka riƙe shi ne, faɗin tazarar ba shi ne matsala ba, rashin daidaito ne. Hagu da dama su zo ɗaya, sama da ƙasa su zo ɗaya. Taka ba su zo ba, don haka kana da gaskiyar yin magana.

Bakatsine_77:
Ni na san ƙarshenta 'yar China ce. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Auwal_Houston:
@Bakatsine_77 wallahi ba maganar ƙasa ba ce. A nan Amurka motar da aka fi yi wa surutu a kan wannan matsalar ita ce Tesla, kuma ba mota ce mai arha ba. Lokacin da suka fara fitar da Model 3 a 2017 zuwa 2018 suna ta fafutukar cika adadi, har tanti suka kafa a harabar masana'antarsu ta Fremont suka sa layin haɗa mota a ciki. Akwai wani tsohon injiniya Sandy Munro da aikinsa shi ne ya sayi mota ya wargaza ta gaba ɗaya ya yi nazari, a 2018 ya duba Model 3 ya kwatanta haɗin jikinta da Kia ta shekarun 1990. Da suka zauna da Elon Musk, shugaban Tesla, a 2021, shi Musk ɗin da bakinsa ya amsa cewa sukar gaskiya ce. Kuma abin da zai ba ka mamaki, masu motar da yawa suna cewa waɗanda aka haɗa a Shanghai sun fi zama daidai. Sannan a watan Maris na 2025 sai da Tesla ta ce a dawo mata da motocinta samfurin Cybertruck wajen dubu 46 a gyara, saboda wani dogon ƙarfe da aka manna a gefen gilas ɗin gaba zuwa rufi yana iya ɓallewa ana cikin tafiya. Shi ya sa a nan mutane suke zuwa karɓar mota da takardar abubuwan da za su duba, su zaga ta kusan awa guda, in abu bai yi musu ba su ƙi karɓa.

Bakatsine_77:
To na ji, na janye. Amma dai har yanzu ni a wajena Japan daban ce.

Injiniya_Samaru:
Japan sun yi suna a nan kam. A farkon shekarun 1990 Lexus sun yi wata talla, aka ɗora ɗan ƙwallon ƙarfe irin na boris a kan tazarar bonet yana gangarawa yana bin layin jikin motar bai faɗi ba bai maƙale ba, don su nuna tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Jamus ma akwai Ferdinand Piëch da ya shugabanci Volkswagen daga 1993 zuwa 2002, an san shi da naci a kan wannan. Bob Lutz, wanda ya yi manyan muƙamai a kamfanonin mota na Chrysler da General Motors, ya ba da labarin cewa Piëch ya gaya masa sati shida ya ba injiniyoyinsa su gyara tazarar jikin mota ta zo daidai ko ya sallame su. Amma ko a kamfanin da ya fi kowa ƙwarewa ana samun wadda ta zille.

Baba_Kakuri:
Yara kuna ta maganar milimita. Mu da muka ga lokacin da ake haɗa Peugeot a Kaduna, tun 1975 aka fara, 504 ɗin da na saya sabuwa tazarar ƙofarta ta fi ta motocin yanzu faɗi nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya taɓa sa makulli yana aunawa. Abin da muke dubawa shi ne ƙarar rufewa, in ka tura ta da yatsa biyu ta ce kif to shi kenan. Na yi shekara goma sha tara da ita, Kaduna zuwa Maiduguri ba adadi. Amma Baban Hanifa ina bayanka ɗana, domin lokacin in ka ga abu bai yi ba kana komawa a gyara maka ba tare da an ɓata maka rai ba, wanda ya haɗa motar yana garin, ƙila ma masallaci ɗaya kuke sallah. Yanzu mota daga wata duniya take zuwa, mai sayarwa bai san yadda aka yi ta ba.

Injiniya_Samaru:
Baba Allah ya ƙara lafiya, gaskiya ne. Kuma motocin wancan lokacin jikinsu a miƙe yake, na yanzu kuwa duk layuka ne masu kaifi suna ratsa ƙofa zuwa ƙofa, ga fenti mai ƙyalli, kuskure kaɗan sai ya fito fili.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni ta wajen hanya zan yi magana don na yi aikin ɗauko motoci daga Kwatano da Lome. Mota tana iya fitowa daga masana'anta lafiya lau, amma ku tuna abin da take gani kafin ta zo hannunku. A cikin jirgin ruwa ana jera su kusa da kusa, direban da zai fito da ita da ƙyar yake buɗe ƙofa. A tashar ruwa ta yi makonni. A hau da ita babbar mota, yaro ya ɗaure ta da bel, wani ya buɗe ƙofa iska ta fizge ta ta bugi ƙarfe. Da idona na ga sabuwar mota an buɗe ƙofarta a saman tirela ta daki ginshiƙi, hinjin ya ɗan buɗe, da muka iso aka kira tolye, haka muke ce wa mai gyaran jiki a nan, ya sa katako ya murɗa ta ta koma, aka goge aka kai wa mai ita. Ba a yi mata fenti ba, ba abin da zai nuna. To ita wannan sabuwa ce ko ba sabuwa ba? Ni har yau ban san amsar ba kuma abin yana damuna.

Auwal_Houston:
Malam Issoufou tambayar nan taka har kotun ƙolin Amurka ta je. Wani likita a jihar Alabama ya sayi BMW sabuwa a 1990 kan dala dubu 40 da ɗoriya, bayan wata tara ya kai ta wajen masu goge mota aka ce masa ai an taɓa sake mata fenti. Ashe tsarin kamfanin a lokacin shi ne in kuɗin gyara bai kai kashi 3 cikin 100 na farashin mota ba, sai a sayar da ita a matsayin sabuwa ba tare da an gaya wa kowa ba. Nasa gyaran dala 600 ne da 'yan kai. Kotun farko ta ba shi dala 4,000 na asara da miliyan 4 na horo, kotun jihar ta rage zuwa miliyan 2, a 1996 kotun ƙoli ta ce ya yi yawa, a ƙarshe aka tsaya a dubu 50. Abin nufi gyaran sabuwar mota kafin a miƙa ta ba a ƙasashenmu kaɗai ake yi ba.

Alhaji_Dillali:
Ni sana'ata ce sayar da mota, zan faɗi gaskiya ko da za ta taɓa mu. Kalmar "sabuwa" a kasuwarmu kala uku ce. Akwai wadda ta zo ta hannun wakilin kamfani da takardar garanti mai hatimi. Akwai wadda ɗan kasuwa ya sayo a Dubai ko wani wuri ya sako a kwantena, sabuwa ce ba a hau ba amma in ta samu matsala babu wanda zai amsa maka a nan. Akwai kuma wadda ta sha gyara aka mayar mata da leda, ita ledar kujera ai sayar da ita ake yi. Baban Hanifa wacce ce taka a ciki? Domin shawarar ta danganta da wannan.

Kuma don Allah jama'a ku daina karɓar mota da magariba ko a cikin shago ƙarƙashin fitila, ko tana jiƙe an gama wanke ta. Ruwa yana ɓoye komai. A fito da ita rana, a busar, ka tsuguna ta gaba ka kalli gefenta a kwance, ka je da wanda ba shi da zumuɗi, domin mai saye ranar idonsa a rufe yake da murna. Duk abin da ka gani a rubuta a takardar karɓa kafin ka sa hannu.

Baban_Hanifa:
Alhaji ta farkon ce, akwai garanti shekara uku a rubuce. Kuma ka faɗi gaskiya, bayan magariba na karɓa, da yara muka je suna ta tsalle, ban duba komai ba sai fitilu da AC.

Barista_Zee:
To tunda akwai garanti, Yallabai kar ka bari kowa ya sa mata sifana a waje, ko da Usta ne da kansa, ya gafarce ni. Da zarar wani ya taɓa sun samu hanyar zillewa. Ka daina magana ta waya kaɗai. Ka ɗauki hotuna da rula a jikin tazarar, hagu da dama, ka ɗauki mita, ka rubuta wasiƙa mai kwanan wata ka kai ofishinsu a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka nemi su ba ka takardar binciken da suka yi wa motar kafin su miƙa ta, sannan ka tambaye su a rubuce ko an yi mata wani gyara tun daga saukarta. In suka yi maka shiru ko suka ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC, ana kai ƙorafi. Amma kar in yaudare ka, samun a canza maka mota gaba ɗaya saboda ƙofa da za a iya saitawa abu ne mai wuya. In ka tabbatar an yi mata fenti an ɓoye maka, to wannan magana ce daban.

Usta_Fanalbita:
Barista babu komai, ni ma abin da zan ce masa kenan. Dubawa na ce ya yi, ban ce ya kwance ba.

Maryam_Leeds:
A nan Ingila dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 na farko ya mayar da kaya in suna da aibi ya karɓi kuɗinsa, har da mota. Amma ko a nan ɗin in ƙaramin abu ne sai an sha jayayya da dila a kan ko ya kai a kira shi aibi. Ni dai shawarata ka yi sauri, kowace rana da ta wuce tana ƙara musu hujja.

Baban_Hanifa:
Salam, na dawo da bayani. Na yi duk abin da Usta ya ce. Ƙofar ba ta wasa. Ƙarƙashin roba tsaf babu feshi. Takarda ta cije a ƙasa da tsakiya amma a kusurwar sama zarewa take yi salin alin. Notunan hinjin ƙasa kuma akwai alamar sifana, fentin gefensu ya ɗan kankaru, na ɗaya ƙofar ma akwai amma bai kai wannan ba. Sannan wani abokina ya kai ni wajen mai na'urar auna kaurin fenti, ya bi motar gaba ɗaya, ko'ina tsakanin 110 da 135 take nunawa, ita ma ƙofar 120 da wani abu. Yace ba a sake mata fenti ba. Na ɗan samu sauƙi a raina amma alamar sifanar nan ta tsaya min.

Injiniya_Samaru:
Alhamdulillah wannan labari ne mai daɗi. Da an fesa ta da ka ga lamba ta haura 200 ko 300, in akwai bodi fila kuwa, wato abin da ake cike loɓa da shi kafin fenti, ta wuce haka nesa. Alamar sifana ita kaɗai ba hujja ba ce, ka tuna na ce ana cire ƙofa bayan fenti a mayar, kuma masu saiti na ƙarshen layi da sifana suke aiki. Tunda ɗaya ƙofar ma akwai, ni na fi zaton daga masana'anta ne.

Usta_Fanalbita:
Injiniya a nan kam zan ɗan saɓa maka. Ya ce na wannan ƙofar ya fi kankaruwa, kuma saman ne ya turo waje. Ido ba mudu ba amma ya san kima. Irin wannan na sha gani a ƙofar da iska ta fizga ko aka buɗe ta da ƙarfi ta wuce iyakarta, sai wani ya sassauta hinjin ƙasa yana neman ya dawo da ita bai iya ba. Labarin Malam Issoufou kenan. Ba zan rantse ba tunda ban gani ba. Amma ko wanne ne gyaran ɗaya ne, a sassauta hinji a ɗaga ta, a saita ƙarfen kubar, wanda ya iya ba zai wuce awa ɗaya ba. But ɗin kuma ka duba wasu robobi guda biyu da ke gefe, murɗa su ake yi suna hawa suna sauka, wani lokacin su kaɗai ne, in kuma tazarar gefe ce to nan ma hinji ne.

Dan_Rimi88:
Kalmar "wanda ya iya" ita ce abin tsorona tun farko. Yayana ya mayar da tasa saboda bonet, yaron garejinsu ya saita bonet ɗin ya kankare fenti a gefen fenda, aka ce a bar ta a fesa, kala ta fito daban, gyaran gangar auzinawa kenan. Mota sabuwa ta koma mai fenti, da ya zo sayarwa sai da aka rage masa kuɗi saboda wannan fendar. Shi ya sa na ce a yi tunani.

Umman_Sadiq:
To ai takarda tana zarewa a sama, ka ji fa. Nan ne ƙura da ruwa za su bi. Barin ta ba mafita ba ne.

Hamza_Tudunwada:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni kuma bambar gaba ce kalarta ta ɗan bambanta da fenda in rana ta yi, motar fara ce mai ƙyalli, ita ma sabuwa. Shi ma matsala ne?

Injiniya_Samaru:
@Hamza_Tudunwada wannan ya zama ruwan dare. Bamba roba ce, fenda ƙarfe, kuma yawanci ba wuri ɗaya ake fesa su ba, ita bambar da fentinta take isowa masana'anta. Fari mai ƙyalli da silba sun fi nuna wannan. In bambancin kaɗan ne kuma gaba da baya duk haka suke, kar ya dame ka. Kuma roba tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe, shi ya sa ake bar mata ɗan sarari.

Baban_Hanifa:
Na kai wasiƙar yau kamar yadda Barista ta ce, an buga min hatimi. Manajan garejin ya fito ya duba da kansa, bai yi musu ba, yace in kawo ta Talata da safe za su saita kyauta. Da na tambayi ko an taɓa ta kafin a ba ni sai yace zai duba fayil. Yanzu ina tsakanin maganar Dan Rimi da ta Umman Sadiq. In na kai, za su bari in tsaya a kanta ana yi? Kuma Usta me zan ce musu kar su yi?

Usta_Fanalbita:
Ka roƙi manajan ya ba ka babban ma'aikacinsu ba yaro ba, ka ce a manna tef a gefen ƙofar da ginshiƙi kafin a fara, kuma kar a sa katako a murɗa samanta sai an gama gwada hinji. Ka ɗauki hoton gefunan duka kafin ka miƙa makulli. In an gama kar ka tafi sai an watsa mata ruwa da tiyo kana zaune a ciki kana kallon kusurwar nan.

Barista_Zee:
Kuma kar ka sa hannu a takardar da ta ce an warware komai sai sun ba ka amsar fayil ɗin.

Issoufou_Maradi:
Ni amsar fayil ɗin nake jira in ji. Baban Hanifa don Allah in ka dawo Talata ka sanar da mu abin da suka ce.